Rasuwar 'Yar Gulma, Mai Awon Wutar Gidan Iya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Murtala mahauci, mazaunin gidan hayar Iya a Agege, yake sanar da rasuwar na'urarsa ta awon wuta, wadda maƙwabta suka laƙaba wa suna 'Yar Gulma.

Da hannunsa ya haɗa ta: ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki daga kasuwar Alaba, gilashi kamar akwatin ashana, da ɗan ma'aunin da wayar gidan ke ratsawa. Kafin zuwanta, duk ranar da fiyus ya ƙone, ƙarfen dalmar da yake liƙa wayoyi da shi ake zagi, har Iya mai gida ta rantse in aka ƙara sai ya kwashe komatsansa. Marigayiyar ce ta wanke shi. Ta nuna ƙarfen nasa ko wutar rabin amfiya ba ya ci, alhali da maƙwabciyarsa Furera ta jona hitar da take rantsuwa ba ta da ita, sai a ji "tit-tit-tit" har bakin titi.

Ba ta san kara ba, ba ta san babba ba. Ko firijin Iya sai da ta tona wa asiri, Allah Ya sa ba wannan ne ya ja mata ajali ba.

Ajali ya same ta ranar Juma'a da hantsi. Bayan an kwana biyu a duhu aka kawo wuta, kowane ɗaki ya jona dutsen guga. Baiwar Allah da ƙarfinta bai wuce amfiya ashirin ba ta yi "tiiiii" mai tsawo, ta saki hayaƙi, fiyus ya bi bayanta. A lokacin Murtala yana mayanka, amma gidan kaf sun shaida cewa sun ji warin dalma.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da wayoyi ja da baƙi, da maigidanta wanda ya kasa cin abinci. Maƙwabta kuwa sun ɗauki dangana da saurin da ya ba kowa mamaki. Furera har shinkafa ta dafa, a kan hita.

Za a yi jana'iza gobe bayan La'asar, in ɗan gwangwan ya biyo layin da kurarsa. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin Murtala zuwa ƙarshen wata, wa'adin tashi da Iya ta ba shi. Daga nan mai son yin ta'aziyya sai ya tambayi Iya inda ya koma.