Rasuwar Baƙin Keken Malam Mu'azu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu biyu da suka rasa abin takawa, Malam Mu'azu Tela na Gyaɗi-Gyaɗi yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar baƙin kekensa na ɗinki. Ya cika ranar Talata da hantsi, a wannan shekara ta 1977, bayan shekara goma sha shida yana aiki.

Marigayin mai haƙuri ne, ɗigon mai kaɗan ya ishe shi mako guda. Duk wanda ya bi ta ƙofar shagon ya san muryarsa, kar-kar-kar, tun daga safe har la'asar. Bara ma shi kaɗai ya ɗinke kayan makarantar rabin yaran Tarauni, bai ko yi tari ba.

Mutum biyu ne ke hawansa. Malam Mu'azu yana da saitinsa na kansa: tun ran da ya sayi keken ya murɗa maɗaurin zare yadda hannunsa ke so, ya sa ƙusa ya yi zane a wurin, ya kuma rantse ba yadin da wannan zane bai ishe shi ba. Abokin aikinsa Anayo kuwa yadi yake bi. Kowane aiki sai ya maƙala masa 'yar takarda da fil, ya rubuta lambar allura da yadda za a saki zare. Tun tuni suka yi yarjejeniya cewa in aiki ya zo da takarda, takardar ce gaba da zanen kowa.

Ajali ya biyo tamfol ɗin motar Lawan Direba na Daurawa, mai kauri kamar fatar bijimi. Marigayin ya ja taku uku, ya ce ƙiƙ, ya sake cewa ƙiƙ, sannan ya yi ƙas. Bakaniken da aka kira ya leƙa cikinsa, ya girgiza kai, ya mayar da hularsa.

A zafin rashi, Malam Mu'azu ya gaya wa duk mai sauraro cewa murɗe-murɗen Anayo ne suka kashe keken. Yau kwana uku Anayo bai tako shagon ba, kuma wannan rashin ya fi na keken yi wa Malam Mu'azu ciwo. Don haka yana so jama'a su sani: Anayo ya maƙala wa tamfol takardarsa mai cewa a sa babbar allura, a saki zare. Malam Mu'azu ne ya cire ta ya jefa aljihu, ya mayar da keken kan zanensa, wai shi ba yau ya fara ɗinki ba.

Marigayin ya bar almakashi ɗaya, kwarkwaron zare shida, gwangwanin mai da ya kusa ƙarewa, da rigar Hajiya Asabe da aka ɗinka wa hannu ɗaya, ana roƙon Hajiyar ta ƙara haƙuri.

Za a fito da gawa ranar Asabar da ƙarfe goma, a kai ta bayan shago a amalanke. Ba a buƙatar likkafani, an riga an lulluɓe marigayin da tamfol ɗin Lawan, tunda har yanzu allurar tana ciki. An ajiye wa Anayo kujera a sahun gaba. Takardarsa tana nan a aljihun Malam Mu'azu, ba za a tashi ba sai ya zo ya karɓa da hannunsa.