Injiniya Na-Hango da Gonarsa ta Cikin Faranti

Duk wanda bai taɓa ganin ilimi yana tafiya da ƙafa biyu ba, ya je ofishin kula da noman rani ya ce yana neman Injiniya. Ba sai ya faɗi wanne ba, ai guda ɗaya ne, sauran duk 'yan rakiya ne. Manoma suna kiransa Na-Hango, domin ba ya buɗe baki sai da "na hango". Shi kuwa ya ɗauka lambar girma ce, har ya sa aka rubuta masa a jikin ƙofa.

Aikinsa shi ne ya faɗi yawan ƙasar da ruwan ban ruwa zai kwashe daga gonaki tun kafin ya kwashe, sannan ya hana. Allah kuwa ya ba shi baiwar yin wannan aiki ba tare da takalminsa ya taɓa laka ba. A ofishinsa akwai kujera mai juyawa, da fanka, da wani faffaɗan faranti cike da ƙasa a kan tebur. Wannan faranti shi ne gona. Yakan tokare gefe ɗaya da littattafai biyu don ya yi gangare, ya ja layuka da gindin biro, ya tsiyaya ruwa da buta, ya dubi agogo, ya rubuta. Ƙasar daga tukunyar fulawar bakin ofis ya ɗebo ta, mai danƙo ce, ko da tiyo aka bi ta ba ta motsi. Ta gonakin mutane kuwa mai laushi ce, ruwa kaɗan ya ishe ta tafiya. Amma manyan masana ba sa ɓata lokaci a kan ƙananan bambance-bambance irin wannan.

Daga farantin nan ya fitar da sakamakon da ya girgiza shi kansa: in aka bi tsarinsa, gona ba za ta rasa abin da ya wuce cokali uku na ƙasa a shekara ba.

Ranar da ya ji manyan baƙi za su zo daga hedkwata, sai ya tuna akwai gonaki a waje. Ya sa hular kwano fara fes, ya shiga mota, aka kai shi. Da ya sauka a gonar wata tsohuwa da ake kira Iya Mai Albasa, ransa ya ɓaci. Kunyoyinta a karkace suke, sun bi gangaren a gicciye, ta kuma cusa busasshiyar ciyawa a hanyoyin ruwa don ya riƙa tafiya a hankali. Ita kanta tana tsugune a ƙarshen gona tana ɗiban ruwa a tafin hannu tana dubawa. In ta ga ya yi duhu, ta san ƙasarta ce ke tafiya, sai ta sa a rage injin ban ruwa.

Iya ta sami gonar nan tana marmara tsirara. Shekara goma sha biyu tana jidar taki da toka a ka, har ta tara baƙar ƙasa mai kaurin tafin hannu. Da wannan 'yar ƙasa take ci da kanta da mijinta da ciwo ya kwantar. Ba ta da wata.

Injiniya ya gyara murya.

"Jama'a, na hango matsalarku. Wannan ba gona ba ce, bola ce. Ruwa abu ne mai son miƙaƙƙiyar hanya, ku kuma kun sa shi yana ta kwana kamar ɓarawo. Gobe tarakta za ta miƙe kunyoyin nan daga sama har ƙasa. A kwashe ciyawar nan duka, baƙi ba sharar gona suka zo gani ba."

"Yallaɓai," in ji Iya, "in ka miƙe su, ruwan nan da gudu zai sauko. Ƙasar nan ba ta da riƙo, tafiya za ta yi."

Ya dube ta da irin tausayin da ake yi wa wanda bai je makaranta ba.

"Iya, hannunki kike dubawa, ni kuwa lissafi nake dubawa. Sau arba'in na gwada abin nan a ofis. Cokali uku ne. Wanda kuma bai yarda ba, a toshe masa ruwa."

Wanda aka toshe wa ruwa a tsakiyar rani ya gama noma. Washegari tarakta ta shiga.

Baƙi suka zo. Domin ruwa ya fito da kyau a hoto, Injiniya ya sa aka saki injuna biyu gaba ɗaya. Ruwa ya gangaro a guje, fari a saman gona, baƙi ƙirin a ƙasanta. Wani daga cikin baƙin ya tambayi dalilin baƙin ruwan.

"Madalla da wannan tambaya," in ji Injiniya. "Albarkar ƙasa ce take zagayawa. Dama na hango hakan."

Aka tafa masa. Awa uku ana jawabi, ba wanda ya tuna da kashe inji, Iya kuma masu gadi sun hana ta matsowa kada ta ɓata layi.

Bayan kwana huɗu ya dawo ɗaukar hoton rahoto. Gonar ta koma ja, ruwa ya yanka ta rami-rami, dashen albasa ya kwanta saiwa a waje. Da wani mai ƙaramar zuciya ne, da ya ji kunya. Injiniya dai ya lura cewa layukan har yanzu a miƙe suke, ya ji daɗi.

Can ƙasa, a cikin lambatun bakin hanya inda lakar ta taru, ya hangi Iya. Tana kwasar baƙar lakar da hannu tana zubawa a daro, ta ɗora a ka, ta hau gangaren ta juye, ta dawo. Tun safe take yi, abin da ta mayar bai rufe wurin shimfiɗa tabarma ba.

Nan take basira ta sauko masa. Ya tattare wando, ya lallaɓa ya sauka cikin lambatun, ya zaɓi inda lakar ta ɗan bushe ya tsaya, ya miƙa wa direba waya.

"Ɗauke mu tare. Wannan shi ne mataki na biyu na tsarina, mayar da ƙasa mazauninta da hannun al'umma. Iya, ɗan ɗago kai ki yi murmushi, hedkwata za a kai."

Iya ta sauke daro. Ba ta dubi waya ba, ba ta dubi hular ba, takalminsa kawai ta duba.

"Ɗan nan," ta ce, "ɗaga ƙafarka. Gonata kake takawa."