Ruwan Shukar da Na Saukar a Waya

Ni ne shugaban gurup ɗin waya na 'yan ƙauyenmu mazauna Tawa, kuma na tsani a riga ni ba da labari. Shekarar da damina ta makara, wani ya turo mini bidiyo: ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga kukar kasuwarmu can wajen Takanamat, ga jaki yana jiƙewa. Ban kira gida ba. Ina da idanu, me zan tambaya? Na tura bidiyon a gurup, na gyara murya na aika: "Jama'a, ruwan shuka ya sauka, mai gona ya tashi!"

Kafin azahar tasha ta cika. 'Yan kabu-kabu sun jingine babura, masu shayi sun kife tebur, kowa da ƙullin irin gero. Da suka isa ƙauye, suka tarar da ƙasa ƙeƙasasshiya.

Kawuna ya kira daga ƙauye yana huci: "Kai ɗan nan, jakin ga nawa na, kuma tun bara ya mutu!"

Duk sun kalli bidiyon nan, duk sun san jakin, amma ni kaɗai ne mai laifi! Har yau, ko tsakiyar bazara ne, sai an tsayar da babur a gabana: "Shugaba, ina ruwa? Mu ɗauko iri?"