Da Furfurata Na Je Koyon Tsayuwa

A layin mai abin ya same ni. Tun da safe muke tura motoci da hannu, inji a kashe, don kada ɗan digon da ya rage a tanki ya ƙone. Murfin tankina ya suɓuce ya faɗi, na sunkuya zan ɗauka, sai bayana ya ce ƙas, ya ƙi komowa. Ina nan a duƙe, hannu ɗaya a gwiwa, sai ga jiniya. Ayarin Mai Girma Uban Alkawari ne, wanda ya rantse mana bara cewa layin mai ya zama tarihi. Ya sauke gilashi, ya ga dattijo ya rusuna har ƙasa, abin ya burge shi, ya ɗaga mini hannu. Wani yaronsa har ya jefo mini hula mai hotonsa. Wasu direbobin tasi ne suka cicciɓe ni kamar kujera, ɗaya daga cikinsu ya tuƙo ni gida.

Ciwon ya lafa bayan 'yan kwanaki. Abin da bai lafa ba shi ne maganar jikata, 'yar mitsitsiya da ba ta daɗe da shiga makaranta ba. Ina tafiya a tsakar gida, sai na ga tana bina a baya, ita ma ta duƙa tana duba ƙasa. Na tambaye ta me ya ɓata.

Ta ce, "Kaka, taya ka nema nake yi. Kullum kana neman abu a ƙasa, har yanzu ba ka samu ba."

Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Ashe yarinyar nan tun da ta buɗe ido ba ta taɓa ganin kakanta a miƙe ba.

Uwarta, wato babbar 'yata, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba ta ɗaukar wargi. Ta ce allura ba za ta yi mini komai ba, motsa jikin nan na lanƙwasa gaɓoɓi da ake kira yoga zan shiga, ta riga ta ba da sunana a ajin maza na ranar Asabar. Na ce mata ni ko sunan abin ban iya faɗi ba sai bakina ya karkace. Ta ce ba da baki ake yi ba.

Kuskuren da na yi shi ne gaya wa maƙwabcina mai faci, wanda muke kira Rediyo saboda babu labarin da ba shi da shi. Ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya dube ni da tausayi. Ya ce ya gani a waya, ƙafa ake ɗaukowa a rataya a wuya. Ya ce ya san wani da aka ƙulle shi haka, malamin ya manta yadda ake kwancewa, sai a baro aka kai shi gida. Na san ƙarya yake yi, amma ƙaryar Rediyo tana da naci.

Ni kuwa tsorona ya fi na ƙulli. Ina da tumbi, ba na wadata ba, na zaman banza a layi. Ina tsoron a ce sai na sa wandon nan mai kama jiki. Ina tsoron ɗaki ya yi tsit, cikina ya zaɓi wannan lokacin ya yi jawabi. Babban tsoron dai shi ne in duƙa a gaban baƙin ido in kasa tashi, a sake kiran masu ɗauka. Da na lissafa wa matata duk wannan, sai ta miƙo mini tsohon wandon barcina, ta ce wanda aka ɗauko daga gidan mai kamar kujera ai ba shi da sauran kunyar da zai adana.

A zauren motsa jiki na unguwarmu ake yin ajin, kuma a nan dole in yaba wa Mai Girman namu, wanda ake kuma kira Gwanin Almakashi saboda yawan yanke ƙyallen buɗe ayyuka. Ranar da ya buɗe wurin, na'urori sun cika shi, har da keken da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina, wanda ya yi kama da ayyukansa. Kafin rana ta faɗi babbar mota ta zo ta kwashe komai, ashe haya aka ɗauko su don hoto. Daɓen kawai aka bar mana, saboda ba ya ɗaukuwa. Da can muna zagi, ba mu san hangen nesa ba ne. Yoga ba ta bukatar komai sai daɓe.

Na isa da wuri, na wuce ƙofar kamar mai zuwa wani wuri. Na dawo na tsaya ina karanta allon da aka rubuta sunan Mai Girma, kamar yau na fara ganinsa. Har na juya zan gudu, sai wani siririn mutum mai furfura kamar tawa ya leƙo, ya ce in shigo, tabarma ɗaya ta rage. Shi ne malamin. A ciki babu ko mutum ɗaya mai wandon roba. Telan bakin kasuwa na nan, ga wani direban bas da tumbinsa ya yi biyun nawa, yana kwance yana nishi tun ba a fara ba. Nan take rabin tsorona ya tafi.

Da aka fara, sai na gano ashe hukuma ta daɗe tana horar da mu kyauta. Aka ce a ja numfashi a riƙe. Ni da nake wuce jujin kan titinmu kullum, wanda aka yi alkawarin kwashewa tun ina da baƙin gashi, sai da malamin ya roƙe ni in saki. Aka ce a tsaya da ƙafa ɗaya, wannan kuma kowane ɗan layi ya iya. Cikin direban bas ne ya yi jawabin da nake tsoro, kuma babu wanda ya ko juya.

Sai aka zo sunkuyawa. Jama'a, a nan na yi fice. Na lanƙwasa jiki a hankali har yatsuna suka kusa taɓa tabarma, malamin ya tambaya ko na taɓa yi a wani wuri. Na ce masinja ne ni a ofis har na yi ritaya, kuma ofishinmu oga ya fi ma'aikaci yawa. Kowace ƙofa sai ka rusuna, har da wadda mai ita ya yi tafiya, don kada sakatare ya kai ƙara.

Daga nan ya ce kowa ya miƙe tsaye, abin da na ɗauka hutu ne. Ya zagayo ya tsaya a gabana.

"Baba, miƙe."

"Ai a tsaye nake, malam."

Bai yi gardama ba. Ya kai ni jikin bango, ya ce in jingina. Duddugena ya taɓa bango, ƙeyata kuwa tana can gaba, sai ka zura hannu a tsakani. Ya ɗora tafinsa a tsakanin kafaɗuna, ya ce in ja numfashi in ɗago a hankali, ba wanda ke jirana. Na ɗago kaɗan, na ƙara kaɗan. Abin da na fara gani shi ne ƙugiyoyin fanka a rufi, babu fanka ko ɗaya. Ta saman taga kuma na hango kan wata bishiya da nake bi ta ƙarƙashinta shekara da shekaru, gindinta kawai na sani. Ba zan ɓoye muku ba, idona ya cika da ƙwalla. Na ji haushin shekarun da na yi ina gaida takalman mutane, na kuma ji daɗi irin wanda na manta da shi.

Ƙeyar ba ta kai bango ba ranar, malamin ya ce sai an yi ta zuwa. Amma na taho gida ina riƙe da ɗan abin da na samu kamar mai ɗauke da ƙwai. Jikata na bakin ƙofa. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta ƙara ɗagawa, ta ja da baya don ta gan ni duka.

"Kaka, ka samu abin?"

Na ce mata na samu, ashe ba a ƙasa yake ba.

Saboda haka, idan ayari ya sake wucewa aka ga wani tsoho ya tsaya ƙyam, kada a ɗauka raini ne, umarnin malami ne. Hular nan kuwa ban yar ba. Ninke ta nake yi in sa a ƙarƙashin gwiwa idan za mu durƙusa a kan daɓe. Tun da Mai Girma ya hau kujera, wannan ne tallafi na farko da ya iso gare ni.