Yadda Za Ka Buɗe Kamfanin Hayar Jirgin Sama a Magariya Kafin Ka Mallaki Jirgi

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari cikin wata huɗu sunanka zai zaga daga Magariya har Dungass. Ni Abdulhadi na bi su, yau ko tsohuwar da ba ta fita ƙofar gida ta san ni. Shekara goma sha ɗaya ina yankan tikiti a tashar mota, saboda haka harkar sufuri ba baƙuwata ba ce.

1. Ka ga jirgi da idonka, sau ɗaya tak

Ni a Damagaram na ga nawa, ranar da na raka wani filin jirgi. Ɗan ƙarami ne, fari tas, mutum shida yake ɗauka. Wani mai gadi ya ce mini hayarsa ake yi kamar taksi. A hanyar dawowa, ina matse tsakanin buhun albasa da wata akuya, na tuna alhazanmu na kan iyaka da ke kwashe yini guda a bas kafin su isa Yamai. Kafin mu shigo gari na gama kafa kamfani a kaina.

Kada ka koma kallo na biyu. A kallo na biyu ne tambayoyi ke farawa.

2. Yi suna da hatimi

Na raɗa wa nawa Sama Kusa. Na sa aka sassaƙa mini hatimi, aka buga kati ɗari biyu da sunana, ƙarƙashinsa Darakta Janar. Na sayi kwat a gwanjo da jakar hannu ta zuba dosiye, wato takardun kamfani.

Kada ka tambayi kuɗin jirgi a wannan mataki. Wanda ya san farashi da wuri, muryarsa rawa take yi in yana bayani.

3. Nemi jari wurin masu ƙaunarka

Baƙo zai ce ka nuna masa takarda. Dangi kuwa fuskarka kawai suke dubawa. Abokaina na tasha sun haɗa mini jika ɗari da hamsin na sefa. Daga nan na hau kabu-kabu zuwa Dantchiao wurin Gwaggo Ɗela, ƙanwar mahaifina, mai matsar man gyaɗa. Na san shekara tara tana tarin kuɗin Makka.

Na ce, "Gwaggo, in jirgi ya zo, ke ce fasinja ta farko."

Ta ce, "Har Makka yake zuwa?"

Na ce, "Sama ai ɗaya ce, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da jika ɗari huɗu a ƙulle cikin tsohon kallabi, suna ƙamshin ƙuli-ƙuli. In hannunka ya yi nauyi wajen karɓa, ka ce gajiyar hanya ce.

4. Share filin sauka

Jirgi ba ya sauka a kasuwa. Gonar gadonmu ni da ƙanena Faruku doguwa ce, don haka na ɗauki ƴan ƙwadago muka share tsawon taku ɗari huɗu a tsakiyarta, daidai inda wakensa ya fara fure. Muka jera duwatsu gefe da gefe muka shafa musu farar ƙasa.

Faruku ya zo ya tsaya, hauya a kafaɗa. Ya ce, "Yaya, yaushe zai sauka?"

Na ce, "Kafin kaka."

Ya ce, "To Allah ya kawo shi da wake a ciki." Ya juya. Wata biyu bai sake shiga gidana ba.

5. Samo mai haya na farko

Na tafi kasuwar Mallawa na sami Alhaji Dalhatu, babban dillalin shanu. Ya saurare ni tsaf, yana juya katina a hannu.

Ya ce, "Bijimi nawa yake ɗauka?"

Na ce ba na dabbobi ba ne, na manyan mutane ne irinsa.

Ya ce, "Ni in ba da shanu ba, me zan je yi wani gari?" Ya sa katin ya sakace haƙori da kusurwarsa.

Ka rubuta irin wannan a dosiye a matsayin wanda ya nuna sha'awa. Ni na tara goma sha huɗu.

6. Yanzu ka tafi banki

Sa kwat ɗin ko da rana na ƙuna. A wani banki a Damagaram aka kai ni biro, wato ofis, na wata mata mai tabarau. Ta karanta dosiyena daga farko har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, abin da har yau nake gode mata.

Ta ce, "Malam Abdulhadi, wa zai tuƙa?"

Na ce za a samu.

"Izinin hukuma fa? Inshora? Makaniki?"

Na ce duk suna tafe.

Ta ce, "Nawa ne a hannunka?"

Na ce jika ɗari uku da goma suka rage. Ta danna ordinatarta, wato kwamfuta, ta juyo mini da fuskar. Tsohon jirgi irin wanda na gani, wanda ya sha aiki, sefa miliyan ɗari tara. Na ƙirga sifirin da yatsa, na sake ƙirgawa. Ta ce kuɗina ba za su riƙe shi awa ɗaya a sama ba. Sai ta sa aka kawo mini ruwan sanyi.

Ka sha ruwan. Shi kaɗai bankin zai ba ka.

7. Koma wurin mai kallabi

Wannan matakin ba shi da dabara. Kwana shida ina ɗaga tafiyar, ran na bakwai na je. Na tarar da ita tana tuyar ƙuli-ƙuli. Na durƙusa na ajiye abin da ya rage, na faɗa mata komai, har da sifirin.

Ba ta ɗago daga kaskon ba. Ta ce, "Tun ranar na san babu jirgi."

Na ce, "To don me kika ba ni, Gwaggo?"

Ta ce, "Tun da mahaifinka ya rasu ban ga ka zo da magana idonka na haske ba sai ranar. Na ce bari in ga inda za ta kai ka." Ta kwashe ƙuli ta zuba a kwando. "Amma kuɗina za ka biya, har dala ta ƙarshe. Makka ba ta fasa ba."

Ta ba ni na abokaina na mayar musu. Da sauran ta yi ciko ta sayi tsohon babur da sunanta. Yanzu ni ke kai mata jarkokin mai kasuwanni huɗu a mako, ladana tana yanke rabi. Ranar Juma'a kuma ina gonar Faruku ina kwashe duwatsu. A lissafinta saura wata goma sha tara.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa gona, ko aboki, ko gaisuwar ƙaninsa, babu ruwan marubuci. Kada a zo gidana, kada a tare ni a hanya, man da ke bayana ba nawa ba ne. Mai ƙorafi ya kai Dantchiao wurin shugabar kamfani. Sai dai ya tafi da shirin zama, don duk wanda ya shiga gidan nan da dogon bayani, gyaɗa take miƙa masa ya ɓare.