Rasuwar Dattijo, Mai Karanta Kwanan Wata a Ɗakin Ajiyar Jini

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, injiniyan kwamfuta na ɗakin ajiyar jini yake sanar da rasuwar Dattijo, ɗan guntun umarnin kwamfuta da ya rubuta da hannunsa tun yana sabon shiga aiki.

Marigayin bai taɓa neman hutu ba. Aikinsa ɗaya ne: a nuna masa jakar jini, ya karanta kwanan watanta, ya faɗi gaskiya. In jini na da sauran kwana, sai ya ce ƙit. In ranarsa ta wuce, sai ya ja dogon ɗiiit, wanda har a bakin ƙofa ake jinsa. Masu shara ma sun san muryarsa.

Ciwon ajalinsa ya faro ne ranar da aka sabunta rumbun bayanai. Tsohon rumbun yakan sa rana gaba, wata ya biyo baya. Sabon ya sa wata gaba, ya soka wani harafi a tsakiya, ya liƙa wani a wutsiya. Dattijo bai yi ƙorafi ba. Ya ɗauki wata a matsayin rana, rana a matsayin wata, ya ci gaba da cewa ƙit.

Injiniya na shan shayi babbar nas ta tsaya a kansa, safar hannunta ko cirewa ba ta yi ba.

"Injiniya, yaushe rabon da ka ji abin nan ya yi dogon kuka?"

Ya ajiye kofin, ya miƙe. Ya ciro wata jaka da aka ware tun makon jiya don zubarwa, ya nuna wa Dattijo. Ƙit. Shayin nan a kan tebur ya huce.

Marigayin ya bar ƙane mai buga takardar da ake manna wa jaka, da ƙanwa mai aika wa asibitoci saƙo. Dukansu ba su taɓa musa masa ba, abin da ya faɗa shi suka yaɗa.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da hantsi, a goge shi layi bayan layi, da zarar magajinsa ya ci gwaji da sabon rubutun kwanan wata. Ana karɓar gaisuwa a gaban firij, inda Injiniya da nas-nas suke duba jaka ɗaya-ɗaya da ido. Mai zuwa ya taho da rigar sanyi.

Ana roƙon masu babur da suka fita kai jini a akwatunan ƙanƙara su dawo da su ba tare da an buɗe ba. Duk sun amsa kira, in ban da wanda ya nufi ɗakin haihuwa na bayan gari. Wayarsa tana shiga. Ana ci gaba da kira.