Ranar da na kashe sabata da hannuna

Ni na haɗa sabar da kaina, kuma duk layinmu a Makera babu wanda bai sha labari ba. Kwamfuta ce na ajiye a shagona na tayil, yadda manhajar da ke wayar kwastoma za ta tambaye ta daga nesa ko akwai kaya, ta amsa nan take. Kwana uku ina gwadawa, na kasa zama wuri ɗaya. Ko injiniya ban nema ba. Ni da na fara kasuwa da baro, kwamfuta ce za ta gagare ni?

Ran Talata na rufe shago na nufi Kamazou wurin Madam Rahila, 'yar kwangilar da nake so ta dawo da sayayyarta wurina. Na sa mata manhajar a gaban leburorinta, na gyara hula na ce, "Madam, danna ki ga aiki."

Ta danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar wayar, amsa ta ƙi fitowa. Na karɓi wayar, na hau kan bulo, na zagi netwok, na sauko, na sake hawa.

Ta ce, "Alhaji, ko sabar taka ta je cin abinci ne?"

Sai na tuna. Shekara da shekaru ba na barin shago sai na kashe wuta gaba ɗaya, saboda tsoron gobara. Ashe har da sabar na kashe.

Tayil dai a wani wuri ta saya. Har yau in ta hango ni a hanya sai ta ce, "Alhaji Saba, ka fito? To, Allah ya ji ƙan kwamfuta."